Reshen da Ba a Sare Ba

Fort Pierce, Florida
Disamba

Zuwa ga Yayata Pierrette,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar nan taki, tana barin ki hawa bene kuwa? Yaya sanyin garinku Amos? Na san yanzu ya fara cizon hanci da kunne. Ki gaishe min da yara da jikoki, kowa da sunansa. Tunda kunnenki ya yi hannun riga da waya, dole na koma ga biro da takarda, sai ki yi haƙuri da rubutun nan nawa.

Yaya, mun sayi gidan. A cikinsa nake zaune nake rubuto miki, taga a buɗe, a watan Disamba! Tafi-da-gidanka ake ce masa, amma an cire tayoyinsa tun ba yau ba, an ɗora shi kan bulo, babu inda za shi sai dai in guguwa ta ga dama. Ɗakin kwana ɗaya ne da falo, sai wani ɗan kicin wanda in zan buɗe firji sai maigidana Réjean ya fita waje ya ba ni wuri. Ko a jikina.

Ranar da na miƙa makullan gidanmu na Rimouski na yi kuka kamar yarinya, ba zan ɓoye miki ba. Maganarki ce ta tsayar da ni. Kin tuna da likita ya ce huhun Réjean ba zai ƙara ɗaukar sanyin garinmu ba, ni kuma ina ta jan ƙafa saboda gida? Kika ce min, “Huguette, bango za ki zaɓa ko miji?” A ranar na ji haushinki, yau kuwa godiya nake yi. Mutumin da bara ba ya iya ɗaure takalminsa sai ya huta, yanzu da ƙafarsa yake zuwa har bakin titi ya ɗauko wasiƙu, ya dawo yana mita a kan rana. In kin ji Réjean yana mita, to da sauƙi.

Unguwar rabinta mutanenmu ne na Québec, tsofaffi irinmu da suka gudo wa sanyi, ko'ina Faransanci ake yi. Amma maƙwabcinmu na jikin bango ɗan Haiti ne, sunansa Anténor Désir. Tsohon direban motar ’yan makaranta ne, kuma shi rani da damina a nan yake. Matarsa Marie-Lourdes ta rasu, ta bar masa bishiyar mangwaro da ta shuka da ƙwallon da ta ɗauko a gidan mahaifiyarta a garin Jérémie, can Haiti. Kullum da safe sai ya tsaya a gindinta da kofin kofi a hannu.

To wani reshe na bishiyar ya miƙo har kan rufinmu, kuma kin san surukinki. Tun ba mu gama kwance kaya ba ya leƙa ta kan shinge ya ce, “Maƙwabci, reshen nan naka ya tsallako gidana. Haya zai biya ko kuwa?” Dattijon ya yi dariya ya ce, “Ai ya riga ka zuwa unguwar, kai ne ya kamata ka je ka gaishe shi.” Washegari sai ga Réjean da sabon zarto, wai ganye zai toshe masa indararo. Na ce masa in har zarton nan ya taɓa bishiyar matacciya, to ya nemi mai dafa masa abinci. Zarton yana nan a rataye, su biyun kuma gaisuwarsu daga nesa ce.

Ki riƙa saka hula in za ki fita, kar ki ce tsufa ya hana ki jin magana.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Huguette


Fort Pierce
Afrilu

Yaya Pierrette,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kin fita daga sanyin bana lafiya. Takardarki ta iso, na ji daɗin labarin sabuwar jikar, Allah ya raya ta. Mu ma lafiya lau. Réjean bai kwana asibiti ko sau ɗaya ba tun zuwanmu, har ƙiba ya yi, wandunansa sun fara ƙorafi.

Wata shidan da ake bari mu zauna a ƙasar nan ya kusa cika, gobe za mu kama hanyar gida, zuwa ɗan ɗakin hayar da muka kama a Rimouski. Mako guda ke nan Réjean yana rufe gida, kuma rabon da in gan shi cikin farin ciki haka tun da ya ajiye aiki. Kin san shi ne mai rufe wa mutane gidajen hutunsu na bakin tafki duk kaka, kuma bututu bai taɓa fashewa a gidan da ya rufe ba. Abin da ya yi a can shi ya yi a nan, bai rage komai ba. Ya tsiyaye ruwan famfo, ya zuba maganin hana daskarewa a kowace magudana. Ya bi tagogi ɗaya bayan ɗaya ya lulluɓe da leda mai kauri, ya bi da salatif. Ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ya rufe kabad-kabad gam, ya kashe wutar gidan daga tushe. Ko sauro ba zai sami hanya ba.

Yana cikin liƙa ledar sai Anténor ya zo ya tsaya, hannu a baya, yana kallo. Can ya ce, “Maƙwabci, gawa kake shiryawa ko gida?” Réjean ya ce gida yake rufewa yadda ake rufe gida. Dattijon ya ce, “A nan ba a toshe wa gida hanci. Ka bar na'urar sanyaya ɗaki a kunne kaɗan-kaɗan, ka buɗe kabad, ka bar min makulli in riƙa leƙawa. Ba ka san daminar nan ba, iskar kanta jiƙe take.”

Yaya, da kin ga fuskar Réjean. Ya sauko daga tsani ya ce, “In bar na'ura tana aiki a gidan da ba kowa? Wa za ta sanyaya wa, kujeru? Tun kana koyon tuƙi nake rufe gidaje, mutumina.” Maganar makulli kuwa, ya ce ko ƙanensa Gaétan da suka fito ciki ɗaya bai taɓa riƙe makullin gidansa ba. Anténor bai yi fushi ba, ya ɗaga kafaɗa ya ce, “Gidanka ne.” Da zai tafi ya juyo ya ce da ni, “Madam Huguette, ko lambar wayarku a bar min, saboda halin rayuwa.” Na ba shi a gaban Réjean, ina kallon tsakiyar idonsa.

Gaskiya ni ma aikin ya burge ni. Gidan ya yi tsaf, kuma me na sani game da damina a Florida? Mutanenmu na unguwa sun riga mu tafiya, da wataƙila wani ya ja masa kunne, ko da yake Réjean ba ya jin kira in yana kan tsani. Bargon nan da Mama ta saƙa na bar shi a nan cikin kabad, tunda za mu dawo.

Na san gobe in mun kai bakin ƙofar unguwa zai tsayar da mota ya koma ya duba ko ya kashe komai, kamar yadda yake yi tun muna amarya da ango. Hali zanen dutse.

Sai na rubuto daga gida. Ki huta lafiya.

Taki,
Huguette


Rimouski
Yuli

Yayata,

Ina gaisuwa, ina fatan kina lafiya ke da iyali. Ki yafe min shirun da na yi. Ban so in tayar miki da hankali ba, amma abin ya ƙi wucewa, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Réjean yana asibiti. Mura ce ƙarama ya ɗauka a watan jiya, ta sauka ƙirji, yanzu ga shi kwance da robar iska a hanci. Ya fara samun sauƙi, jiya har ya yi faɗa da ma'aikaciyar jinya a kan miya. Amma likita ta kira ni gefe ta ce bana kada dusar ƙanƙara ta farko ta same shi a nan. Ta ƙara da cewa duk inda zai zauna ya zama busasshe, don fumfuna a bango da sanyi a waje duk abu ɗaya ne ga huhu irin nasa. Na ce mata kar ta damu, muna da gidanmu a Florida, a rufe tsaf.

A makon nan Anténor ya kira. Mangwaro ya nuna, ya hau tsani yana tsinkar na reshen da ke kan rufinmu. Da ya sunkuya kusa da ’yar kafar iska ta rufin, sai wani wari ya buge shi har ya kusa faɗowa. Ya sauko ya manna ido a taga. Ya ce ledar tana ta zufa ta ciki, bangon falo ya yi baƙi, kujera ta yi gashi kore. Ya ce, “Madam, gidanku yana ruɓewa a tsaye. In aka kai Nuwamba a haka, sai dai a ja shi bola.”

Na zauna a ƙasa a barandar asibiti, da tsufana. Ba gidan nake gani ba, Yaya, Réjean nake gani a watan Janairu a garin nan. Ba mu da wani gidan, ba mu da abin sayen wani. Na ce da Anténor ya fasa ƙofar. Ya ce, “Maigidan ya yarda? Kin san shi da ƙofarsa.” Na ce, “Maigidan yana kwance da roba a hanci, yau ni ce maigidan. Ka fasa!” Ya ce to, in bar sauran a hannunsa. Na tambaye shi abin da za a iya cetowa, ya ce bai sani ba tukuna, kuma ba zai yi min ƙarya ba.

Na yi niyyar in na shiga ɗakin zan wanke Réjean tas, har na shirya kalmomin a hanya. Kowa ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba. Da na gaya masa sai ya ce, “Ta ina ruwan ya shiga? Ban bar kafa ko ɗaya ba.” Na ce ai abin ke nan, tsoho. Ya juya fuskarsa bango. Kalmomin nawa duk suka zube, na zauna ina shafa masa baya.

Abin da ke ta yi min yawo a kai shi ne zarton nan. Da na bar shi ya sare reshen, me zai kai Anténor kan rufinmu?

Bargon Mama yana cikin kabad ɗin, na san za ki tambaya. Ki sa mu a addu'a, ki kunna mana kyandir ranar Lahadi.

Ƙanwarki,
Huguette


Fort Pierce
Nuwamba

Zuwa ga Yaya Pierrette,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya gwiwa? Na gode da takardunki, duk sun iso, kuma kowace na karanta ta fiye da sau ɗaya. Mun iso lafiya, ni na yi tuƙin kusan duka, Réjean yana gefe yana koya min abin da na riga na iya.

Bari in fara da abin da kike jira. Gidan yana nan, kuma Réjean yana numfashi a cikinsa.

Anténor ya sha gaya min a waya cewa ana kan aiki, amma gani ya kori ji. Ashe mutanen cocinsu ya tara. Duk ranar Asabar, cikin zafin nan da ko kare ba ya fita, suka yi ta zuwa. Sun fitar da katifa da kujera da darduma sun zubar. Sun ɓamɓare allunan bangon ɗakin kwana sun sa sababbi, sauran kuma suka goge da sinadarin bilic har sai da hannayensu suka yi fari. Ya kunna wuta, ya bar na'urar tana aiki har zuwanmu. Wani ya kawo gadon da ’yarsa ta bari, wata ta kawo kujeru biyu da ba su yi kama da juna ba. Mutanen nan ba su san mu ba, Yaya. Wasu ko fuskarmu ba su taɓa gani ba.

Bargon Mama na same shi a shimfiɗe kan gado. Wata dattijuwa mai suna Yolette ce ta ɗauke shi gida, ta yi ta wankewa tana shanyawa har warin ya fita. Gefe ɗaya ya ci, ta yanke ta ɗinke da wani ƙyalle shuɗi nata. Da na je yi mata godiya sai na riƙe hannunta kawai. Ta ce, “Ke dai bari, ’yar'uwa. Na ga saƙar na san hannun uwa ne.” A firji kuma kwalabe ne jere na mangwaron da Anténor ya dafa da sukari, na reshenmu.

Washegari da safe na zauna bakin gado ina sauraron ƙirjin Réjean kamar mai sabon jariri. Babu shaƙewa, babu tari. Na gode wa Allah, na gode wa mutanen nan, har bishiyar na gode wa.

Amma kin san ba a rasa wani abu. Surukinki kunya ta kama shi, kuma kunyar namiji mai taurin kai ta fi ciwo wuyar magani. Ya kasa haɗa ido da Anténor. Gwangwanayen zumar bishiyar mapul ta ƙasarmu da muka kawo masa, a bakin ƙofa ya ajiye ya gudo kamar ɓarawo. Mutanenmu kuma sun dawo, labari ya zaga, sun sa masa suna Mai Leda. Fernand Lévesque, wanda suke wasan jifan ƙwallo tare, ya hango shi ya ɗaga murya, “Mai Leda, zo ka naɗe min matata, za ni kamun kifi!” Kowa ya yi dariya, shi kuwa tun ranar bai sake fita ba.

Shekaranjiya ya ce wai mu sa gidan a kasuwa, in bazara ta zo mu koma gaba ɗaya. Wai ba zai zauna inda ake nuna shi da baki ba, kuma ba zai iya kallon mutumin da ya raina ya dawo ya share masa kashi ba. Na ce, “To ka koma ka mutu da girmanka, ni zan zauna in sha mangwaro.” Ban san na iya faɗin haka ba. Na shiga banɗaki na yi kukana. Kin san shi, in ya furta abu yakan yi, kuma tsoro nake ji.

Ki rubuto masa ke ma, yana jin nauyinki.

Taki kullum,
Huguette


Fort Pierce
Janairu

Yayata ta kaina,

Barka da sabuwar shekara, Allah ya maimaita mana. Ina fatan kin ci biki lafiya da yara. Takardar da kika rubuto wa Réjean ya karanta ta, ya ce ku mata bakinku ɗaya, ya saka ta a aljihu. Ranar ɗaya ga wata Anténor ya aiko mana da miyar kabewa irin tasu ta sabuwar shekara. Réjean ya shanye kwano biyu, amma bai tsallaka ya ce an gode ba.

Sai ga abin da ya faru makon jiya. Rediyo ya ce wani sanyi yana gangarowa daga wajenmu, har ruwa zai daskare kafin gari ya waye. Mu abin dariya ne, sanyin da ko safar hannu ba ma sa masa a gida. Amma ’yan garin nan hankalinsu ya tashi. Da rana na hango Anténor a gindin bishiyarsa, ta fara fure, yana ta zagaya ta da wani tsohon zanen gado ɗaya a hannu. Ya ce da ni, “Madam, kun taho kun bar ƙofa a buɗe, kayanku ya biyo ku.” Wasa yake yi amma idonsa ya kawo ruwa. Ya ce sanyi irin wannan ya taɓa kashe duk mangwaron unguwar, kuma shi wannan ce kaɗai abin da Marie-Lourdes ta bar masa mai rai.

Ashe Réjean yana ji ta taga. Sai ga shi ya fito, ya dubi sama, ya dubi bishiyar, ya ce, “Da wannan tsumman za ka tare sanyi? Ajiye, mutumina. Jawo tiyo ka jiƙa ƙasar nan sosai tun da rana, jiƙaƙƙiyar ƙasa ita ke riƙe ɗumi.” Ni kuma ya ce, “Tsohuwa, je ki kira min Fernand da sauran ’yan zaman banzan nan, kowa ya zo da tsani da bargo.”

Yaya, da kin ga tsofaffin Québec an ce sanyi ya zo. Kamar an buga musu ganga. Na hana Réjean hawa tsani, na dasa masa kujera na naɗe shi da mayafi, daga nan yake ba da umarni. Aka tara ƙasa a gindin, aka naɗe kututturen da manyan rassa da barguna. Aka zagaya da tsofaffin fitilun Kirsimeti masu zafi. Sannan ya aike ni rumbun da ke bayan gidanmu in ɗauko ragowar ledar nan. Fernand ya ce, “Jama'a a gudu, Mai Leda ya dawo!” Réjean ya ce, “Rufe min baki ka ja ta sama. A kan bargo za ta hau, in ta taɓa ganye ta ƙone shi, kai da ka girma cikin sanyin Matane ba ka san wannan ba?” Anténor yana ta kai da kawo da kofi, yana cewa, “Yadda ka ce, maƙwabci.”

Reshen da ke kan rufinmu tsani bai kai ƙarshensa ba. Réjean ya ce in buɗe kafar iska ta rufin, in kunna abin ɗumama ɗaki, a bar shi har safe, ɗumin ya riƙa hawa yana samun reshen. Mutumin da ke bina yana kashe ƙwan lantarki! Na dube shi, ya ce, “Me kike kallo?”

Da rana ta fito aka kware leda da barguna. Ganyen can ƙoli ya ƙone, furen da yawa ya zube, amma bishiyar tana nan da ranta, reshenmu kuwa ko furensa bai yi baƙi ba. Anténor ya je ya dafa kututturen. Da ya juyo zai yi godiya Réjean ya tare shi, ya ce, “Kar ka fara. Ni ne ban faɗa ba tun Nuwamba. Na gode, Anténor. Da ba don kai ba da yanzu ina ƙarƙashin ƙanƙara.” Dattijon ya ce, “To shi ke nan. Kai ka san sanyi, ni na san zafi, sai mu riƙa tambayar juna.” Suka tafa, ni kuma na shige kicin don kar su ga fuskata.

Bai sake ta da maganar sayar da gida ba, ni ma ban tambaya ba. Ina tsoron in taɓa.

Ki gaida kowa.

Huguette


Fort Pierce
Afrilu

Zuwa ga Yayata Pierrette,

Ina gaishe ki, da fatan gwiwa ta yi sauƙi yanzu da ƙanƙara ta fara narkewa. Wannan gajeriya ce, a wurin shan mai nake rubuta ta a kan cinya, zan jefa ta a akwatin gidan waya na gaba.

Mun baro gidan ɗazu. Duk makon nan ban san matsayinmu ba, ko rufewa muke yi ko sallama, don Réjean bai ce uffan ba. Kullum suna gindin bishiya shi da Anténor suna wasan domino suna zagin juna, amma in na kawo maganar baɗi sai ya ce rana ta yi zafi.

Yau da safe ya tashi ya bubbuɗe kabad-kabad, ya jingine katifa da bango, ya bar tagogi ba leda. Ya ɗauko zarton nan da bai taɓa yanka komai ba, ya tsallaka gidan Anténor, ni ina biye. Ya miƙa masa ya ce ya riƙe, ya fi shi amfani da shi. Sannan ya sa hannu a aljihu ya zaro makulli. Ya ce, “Ga shi. Ka riƙa leƙawa. Kuma na reshena kar ka shanye, na ƙirga ’ya'yan.” Anténor ya karɓa da hannu biyu ya ce, “Sai Nuwamba ke nan?” Réjean ya ce, “To da ina za ni?”

A nan na ji cewa za mu dawo, Yaya, tare da maƙwabci. Ban yi masa ƙorafi ba. Kin tambaye ni bango ko miji, ga shi Allah ya bar min duka biyun, ta hannun mutanen da bara warhaka ban san sunayensu ba. Ban san yadda ake biyan irin wannan ba, kuma na daina neman sani. Na bar wa Yolette tukunyata babba, na ce ta riƙa tunawa da ni in tana miya.

Da muka kai bakin ƙofar unguwa ya taka birki kamar kullum. Na ce, “Haba tsoho, me kuma ka manta ba ka kashe ba?” Ya buɗe ƙofa ya fita. Na bi shi da ido ta madubi, yana tafiya da ƙafarsa, bai tsaya hutawa ba ko sau ɗaya. Ya je ya kara kunnensa a bangon gidan, ya ɗan saurara, sannan ya dawo ya shiga mota ya ja ƙofa.

Ya ce, “Na'urar tana aiki.”

Ki shirya, baɗi da ke za mu zo. Kujerunmu biyu ne kuma ba su yi kama da juna ba, amma Anténor ya ce akwai ta uku a gindin mangwaro.

Ƙanwarki mai godiya,
Huguette